Jakar goyo da akwati mai taya a tafiyar mako guda

Idan inji ya tsaya a masana'antun Sharaɗa da ke Kano, ba shi kaɗai ke tsayawa ba. Ma'aikata na zaune a inuwa albashinsu yana tafiya, dillalan da suka biya kuɗin bokitai da kujerun roba tun makon jiya suna ta kiran waya, abin da ya lalace kuwa sau da yawa bai fi tafin hannu ba: wani ɗan allon lantarki da ya ƙone sa'ad da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko wani haƙorin ƙarfe da ya gutsure. A neme shi a Sabon Gari a rasa, a tambaya a Legas a ce sai an yi oda. Ana iya tura hoto ga kamfanin da ya ƙera injin, amma masu masana'antu sun sha karɓar abin da ya yi kama da wanda suka nema alhali ba shi ba ne. Shi ya sa har gobe da yawansu suke ganin zuwa da kai ya fi aike. Sai a tashi wanda yake da biza a fasfonsa ya yi tafiyar kwana biyar ko mako guda zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, ko Indiya, ko Dubai.

Wasu tafiye-tafiyen kuma kalanda ce ke kawo su. Baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, yana ci sau biyu a shekara, ɗaya daga tsakiyar Afrilu, ɗaya daga tsakiyar Oktoba. Masu majemu na Challawa, waɗanda Italiya da Sifaniya ke sayen fatunsu, suna da baje kolin Lineapelle a Milan, a Fabrairu da Satumba. Masu harkar roba suna da Chinaplas a Sin, da wanda ake kira K a Dusseldorf ta Jamus duk bayan shekara uku. Babu tafiyar zama a cikinsu. A je, a gani, a yi ciniki, a juyo. Wanda ya tsaya wurin awon kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano, nan kusa da Bompai, zai iya ganin mutum biyu daga kamfani ɗaya, gari ɗaya za su, rana ɗaya za su dawo, amma ɗaya ya goyo 'yar jaka kamar mai zuwa lacca a Jami'ar Bayero, ɗayan kuwa direba na turo masa akwatuna biyu masu taya. Kowannensu yana yi wa ɗan'uwansa kallon tausayi, kuma kowannensu yana da abin faɗa.

A fara da abin da tikiti ya ba mutum. Jiragen da suka fi kwasar 'yan kasuwar Kano zuwa gabas, wato Ethiopian Airlines da EgyptAir da Qatar Airways, suna barin fasinjan kujerar gama-gari ya shiga da jakar hannu mai nauyin kilo 7 ko 8, gwargwadon kamfanin. A galibin tikitin da ake saye daga Najeriya kuma akwai damar auna akwati biyu, kowanne kilo 23. Ke nan mai jakar goyo ya biya kuɗin kilo 46 ya bar su a banza. Turawan da suka yayata ɗabi'ar tafiya da jaka ɗaya suna da dalilin aljihu, domin jiragensu masu araha sai an ƙara kuɗi kafin su karɓi akwati. Bakano ba shi da wannan dalilin. Idan ya zaɓi goyo, to wata riba yake hange wadda ba ta kuɗi ba. Mai akwati kuwa zai ce shi haƙƙinsa ya karɓa, kuma a nan ba mai ja da shi.

Ribar mai goyo ita ce lokaci da kwanciyar hankali. Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Guangzhou ko Milan. Dole a ya da zango a Adis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, a sauya jirgi. A wurin sauyin nan ne akwati ya fi rabuwa da mai shi, musamman idan jirgin farko ya yi latti, fasinja ya ruga ya samu na biyu, kayansa ba su samu ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da suka makara ko suka ɓata, amma in kamfanin bai amsa da bakinsa ba, ba a ƙirga akwati cikin ɓatattu sai ya kwana 21 bai iso ba. Wanda zai yi wata uku a waje yana iya jira. Wanda ya zo kwana biyar, idan akwatinsa ya makara da kwana biyu, ya cinye kusan rabin tafiyar cikin rigar da ya baro gida da ita, yana zarya tsakanin otal da filin jirgi a lokacin da ya kamata a ce yana gaban inji. Mai goyo bai san wannan fargabar ba. Ana buga masa hatimi a fasfo sai ya wuce masu jiran kaya, ya riga su samun tasi.

Sai dai akasarin akwatuna suna isa lafiya, kuma a zangon kansa mai akwati ne ɗan gata. Ya miƙa nauyinsa tun daga Kano, ba zai sake ganinsa ba sai ƙarshen hanya. Fasfo da waya da 'yar jakar rataye kaɗai yake yawo da su. Mai goyo kuwa kilo 7 ɗinsa na bayansa duk tsawon awannin jira. Zai shiga banɗaki da ita, zai nemi busasshen wuri ya jingine ta ya yi alwala yana satar kallonta, zai ajiye ta gabansa a masallacin filin jirgi. In barci ya sace shi a kan kujera, hannunsa ɗaya na cikin igiyarta. Ga matashi wannan ba abin magana ba ne. Ga dattijon da ya haura shekara 60, mai fama da baya ko gwiwa, tattakin da ake yi daga wata ƙofar jirgi zuwa wata a Doha kaɗai ya isa ya sa shi da-na-sani.

Bayan an sauka sai sikelin ya sake karkata. A 1970 ne wani Ba'amurke, Bernard Sadow, ya maƙala wa akwati tayoyi, a 1987 kuma wani matuƙin jirgi, Robert Plath, ya fito da irin wanda ake ja a tsaye da dogon mariƙi. Domin daɓen filin jirgi aka yi su, kuma a can ba su da na biyu. Amma a matakalar tashar jirgin ƙasa, da tsofaffin titunan Milan da aka shimfiɗa da duwatsu, da cunkoson unguwar Xiaobei ta Guangzhou inda baƙi 'yan Afirka suka saba sauka saboda abincin halal, akwati mai kilo 23 alaƙaƙai ne. A Guangzhou akwai na'urar binciken kaya a bakin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai mutum ya ciccibi kayansa ya ɗora kafin ya wuce. Mai goyo hannayensa biyu a sake suke, ɗaya riƙe da waya yana bin taswira ko yana neman fassarar abin da direba ke faɗa. Idan kuma tafiyar ta haɗa gari biyu ko uku, a ce daga kasuwar Yiwu zuwa Ningbo inda ake ƙera injunan zubin roba, yana iya barin otal da safe da duk abin da ya zo da shi a bayansa, ya yi aikin yini, ya hau jirgin ƙasa da yamma ba tare da ya koma ɗauko komai ba.

Mai akwati yana da amsa, kuma amsar ba ta da rauni. In gari ɗaya za a zauna, sau biyu kacal akwati ke motsi: daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa filin jirgi. Wahalar awa guda a kowane ɓangare, sauran makon kuma mutum yana da duk abin da yake so a ɗakinsa. A cikin manyan zaurukan baje kolin Canton da ke Pazhou ma, inda ake yini ana tafiya, littattafan hotunan kaya da katunan kamfanoni da ƙananan samfura sukan taru su yi nauyi kafin azahar, har ka ga masu saye suna jan ƙananan akwatuna, ko da yake yanzu manhajar WeChat ta rage yawan takardun. Shi kuwa mai jaka ɗaya tal, kafin ya fita sai ya zazzage tufafinsa a kan gado, domin jakar da ta kawo shi ita ce kuma jakar aikinsa.

Inda maganar ta fi zafi shi ne sutura, kuma a nan ne shawarwarin da ake karantawa a intanet suka nuna ba su san Bahaushe ba. Sukan ce a nannaɗe riguna a cusa, kada a ninke. Wannan na mai 'yar shat da wandon jins ne. Shaddar da ta sha sitati ta sha guga ba a nannaɗe ta; shimfiɗa ta ake yi a kan karinta, a lallaɓa. Babbar riga da 'yar ciki da wando suna cin yadi 10, su kaɗai sun cika rabin jakar goyo, kuma za su fito a yamutse yadda mai su zai ji kunyar sa su. Hula ta fi haka tsanani. Zanna bukar ɗin da mai wankin hula ya ɓata yini yana tsayar da ita, minti goma a ƙasan kwamfuta ya isa ya karya ta. A akwati ana jera uku, wata cikin wata, a cusa safa a tsakiya don kada su lotsa. A jakar goyo hula ɗaya ce ke tsira, wadda ke kan mai ita. Duk wanda ba ya iya maimaita hula a kan kaya kala biyu, to ya riga ya zaɓi akwati ko bai faɗa ba.

Amma wa zai ga mutum, kuma a ina? Injiniyan da zai yini a cikin masana'anta yana leƙa cikin inji, babbar riga haɗari ce gare shi a kusa da abin da ke juyawa. Wando da riga da rufaffen takalmi ne kayan aikinsa, kuma a jikinsa zai hau jirgi da su. In aka yi lissafin kilo 7, jakar kanta ta ci kusan 1, kwamfuta da cajarta kusan 2. A cikin ragowar ana samun wurin kaftani biyu na yadi mai laushi wanda ba ya riƙe yamutsa, da kayan ciki, da silifa, da 'yar sallaya mai naɗewa, da magani, da adafta, tunda bakin soket ɗin Sin da na Italiya ba irin namu ba ne. Turare da man shafawa sai a ƙananan kwalabe da ba su wuce mililita 100 ba, dokar da aka kafa tun 2006. Mutum ya wanke na yau da dare ya rataye, ya sa na gobe. Otal da yawa suna ba da aron dutsen guga. Wanda ya saba da shanyar Kano, inda riga ke bushewa kafin a idar da hira, ya sani cewa Guangzhou a Afrilu ruwa da laima ne, rigar da aka wanke da dare tana iya wayar gari da danshinta.

Akwai kuma idon jama'a, wanda ba a auna shi a sikeli amma yana da nauyi. A Kano, mai kamfani ya fito daga mota da jaka a goye, direbansa ma sai ya tambaya, "Ranka ya daɗe, kayan ke nan duka?" Wani zai ɗauka karayar arziki ce ta fara leƙowa. A can kuwa, manajan da zai zo tarbarsa a Milan ko Ningbo wataƙila shi ma jakar ce a bayansa, ba wanda ya damu. Duk da haka ba na raina hujjar masu ado. A wurin da ɗaruruwan mutane suka sa kwat iri ɗaya, Bakanon da ya tsaya gaban fatunsa cikin farar shadda da hula ba ya saurin ɓacewa daga ran mai saye, kuma a kasuwanci a tuna da kai ma jari ne. Hajiyoyin da ke fatauci tsakanin Kano da Dubai ko Alƙahira sun fi maza sauƙi ta wannan fuskar, domin abaya ba ta da nauyi kuma ba ta neman guga sosai, amma su ne na ƙarshe da za su yarda su tafi ba akwati, tunda kayan ne dalilin tafiyar.

Wannan ya kawo mu ga kayan aikin kansa, inda mai zuwa saye da mai zuwa sayarwa suka rabu. Mutumin Challawa mai zuwa Lineapelle fata zai nuna, kuma mai sayen fata ba ya yarda da hoto. Sai ya shafa ta, ya ja ta ya ga yadda take miƙewa, ya ɗaga ta a haske yana neman tabon ƙaya ko na ƙuraje ko inda wuƙar mai fiɗa ta zarce. Ɗan ƙyalle ba ya nuna wannan. Sai cikakkiyar fata, irin ta jar akuyar Sakkwato da ta yi suna a Turai tun zamanin da ake bi da ita ta Sahara, kuma sai kala-kala. Irin wannan kaya akwati yake so, sai fa in an riga an tura shi ta kamfanin aika saƙo. Mutumin Sharaɗa mai neman allon lantarki kuwa, ya naɗe ƙonannen cikin riga ya sa a jakar goyo, ya dawo da sabon ta haka, ya fi masa aminci a kan ya bar shi cikin akwatin da ake jifa. Amma in abin da ya karye ƙarfe ne mai kilo 10, magana ta ƙare. Kuma kowace jaka tana da abin da aka haramta mata. Sifana da sukundireba da wuƙar yankan fata ba sa shiga cikin jirgi tare da fasinja, sai a kayan awo. Fawabank da batiran lithium da ba sa cikin na'ura kuma ba sa shiga kayan awo, sai a hannu. Makanikin da zai tafi da kayan aikinsa dole ya auna wani abu. Mai akwati biyu shi ma dole ya riƙe wata jaka.

Batun tsaro ya fi kowanne sa mutum ya natsu. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen Disambar 2018 ba, lokacin da ta je Umara, bisa zargin shigo da ƙwayar tramadol. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan binciken hukumar NDLEA ya nuna wasu ma'aikata a filin jirgin Kano ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba. Mai goyo zai ce ka gani, abin da ke bayana ni na zuba shi, bai taɓa barin idona ba. Gaskiya ne, amma da saura. Kilo 46 ɗin da bai yi amfani da su ba suna nan a kan sunansa, kuma su ne ke jawo masa mai zuwa da murmushi a layin awo: "Ɗan'uwa, don Allah na ga ba ka da kaya, ka taimaka a auna mini wannan da sunanka, tufafin yara ne kawai." Kunyar Bahaushe tana sa ƙin irin wannan roƙo ya yi nauyi a baki, alhali a wasu ƙasashen da ake zuwa hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. Mai akwati biyu ya tsira daga roƙon, domin ba shi da sauran wuri. Abin da ya haɗa su shi ne kowa ya tabbatar da adadin kayan da aka rubuta da sunansa kafin ya bar wurin awo, ko da sifiri ne, kuma ya adana 'yan takardun shaidar kayan har ya dawo gida.

Guzuri da sanyi ba sa buƙatar dogon bayani. Masu akwati sukan kafa hujja da kilishi da dambun nama, amma ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara, Sin ma ta hana nama, don haka wannan hujjar a kwandon kwastam take ƙarewa. Ƙullin yaji da garin kunu suna samun wuri a kowace jaka, kuma a biranen Sin ba a rasa shagon taliyar Lanzhou na Musulmi. Sanyin Milan a Fabrairu gaskiya ne, ya wuce na hunturun da muka sani, amma rigar sanyi a jiki ake hawa jirgi da ita, ba a auna abin da mutum ya sa.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan a kan tafiya ne. Dawowa wata magana ce dabam, kuma a ganina ita ce ainihin abin da ke raba mutanen nan biyu. Kakanninmu fatake da ke bin ayari zuwa Gwanja sukan tafi da baƙin yadin Kura da kanwa da fata, su sauka a Salaga, su juyo da goro. Jaki ba ya tafiya wofi, ba ya dawowa wofi. In ya yi haka an yi asara. Wannan lissafin bai bar jininmu ba. Ɗan kasuwar Kano da ya ga kilo 46 kyauta daga Guangzhou zuwa gida ya san nawa masu kago ke karɓa a kan kowane kilo, kuma zuciyarsa ba za ta bar shi ya dawo da hannu biyu ba. Ga ƙananan kayan gyara da za a ajiye don gaba, ga samfurin sabon kwanon roba da ake son a gwada irinsa, ga abin da ya gani da arha wanda zai mayar masa da rabin kuɗin otal.

A kan wannan kuma sai a ɗora tsaraba da sautu. Tun ranar da aka ji biza ta fito ake fara zuwa. Uwargida za ta kalli 'yar jakar da ke kan gado ta ce, "Alhaji, to a ina za ka zubo tsarabar yara?" Ƙanwa na son abaya, ɗan yaya na son agogo, abokin aiki ya kawo kuɗin waya a ambulan, maƙwabci bai ce komai ba amma zai shigo sannu da zuwa. Mai tafiya da jaka ɗaya yana iya fakewa da ita, ya ce wallahi ba wuri, kuma na san akwai waɗanda wannan ne babban dalilinsu ko da ba za su faɗa a gaban iyali ba. Sautu yana cin lokaci. Yinin da aka ɓata ana neman takalmi lamba kaza kala kaza yini ne da aka cire daga kwana biyar na kamfani. Amma uzurin ba ya daɗewa a gidan da kowa ya san tikiti ya zo da akwati biyu. Mutum yana iya ƙin sautu a fahimce shi. Ya dawo daga ƙasar waje bai riƙo wa mahaifiyarsa ko turare ba, wannan ba za a kira shi iya shirya kaya ba, wani sunan za a ba shi.

Da can maganin wannan mai sauƙi ne: a ninke jakar Ghana-must-go a ƙasan kaya, a buɗe ta ranar dawowa. Tun ƙarshen 2023 kamfanin Ethiopian ya sanar da daina karɓar irin waɗannan jakunkuna a kayan awo sai an sa su cikin kwali ko wani abu mai tauri, saboda suna lalata na'urorin jan kaya. Don haka jakar da za a ninke sai ta kasance mai tsayayyen fasali da ƙarfin zif. Wanda kuwa ƙasar wajensa Maraɗi ce ta hanyar Jibiya, ko Damagaram ta Kwangwalam, lissafinsa gajere ne: abin da ya ɗora a cinya ba a yi masa kuɗin kaya, kuma ya fi saurin wucewa a shingen bincike.

In aka tara hujjojin, ni na ga jakar goyo ta ci tafiya, akwati ya ci dawowa. Mai zuwa sayarwa da samfurin fata, da makanikin da ba ya rabuwa da kayan aikinsa, da dattijon da bayansa ba ya ɗaukar nauyi, da wanda matsayinsa ko taron da za shi ya wajabta masa babbar riga, waɗannan su ja akwati, amma ɗaya ya isa mako guda, kuma su riƙe kaya kala ɗaya da magani da takardu a hannu saboda ranar da akwatin zai kwana a Adis Ababa. Sauran, wato injiniya da mai sayo kayan gyara da mai zuwa ganin inji, waɗanda su ne mafi yawa a irin wannan tafiya daga Sharaɗa da Challawa da Bompai, na fi ganin su tafi da goyo. A hanyar zuwa ne makarar kaya ke ɓata aiki. A hanyar dawowa in akwati ya makara, mutum yana gidansa, tufafinsa na cikin durowa, ya jira a kira shi. Kuma tikitin dawowa yana nan da kilo 46 ɗinsa ko da ba a taɓa na zuwa ba. Yawancin akwatunan da ake sayarwa a kasuwannin Kano ma daga Sin aka kawo su, don haka wanda ya sayi ɗaya a Guangzhou daren da zai taso bai yi asara ba. Sabon allon lantarkin ya shiga jakar goyo, tsaraba da samfura su shiga akwatin, in an zazzage shi a gida kuma akwai 'yar makarantar kwana da nata ya daɗe da karyewar taya.